Karan Awon Idirisa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa muka ce mun ga iyakar wahala. Da shekara ta juyo sai ga sanƙarau, ya shiga gidaje yana ɗauke yara kamar shaho a tsakar kaji, muka ce to, wannan kam ita ce iyaka. Ashe da saura. A wannan shekara da ta bi bayan ta sanƙarau, ranar Laraba ta tsakiyar watan Rajab, Allah ya karɓi ran Idirisa ɗan marigayi Maman Lawali, ɗan unguwarmu nan Tsibiri, makanikin injinan ban-ruwa na Jiratawa. Jirgin sama ne ya faɗi da shi a kan duwatsun wata ƙasa mai nisa, shi da duk wanda ke ciki. Ko mutum ɗaya bai fita ba.

Ni ne Chaibu, mai haƙar kabari a maƙabartar Tsibiri. Ban yi boko a lakwal ba, allon ma ban kai ko'ina ba aka miƙa mani diga. Maganar nan tawa ce, amma hannun na Saudatu ne, matarka, Idirisa, wadda ke koyar da yara a Maraɗi. Tana cikin takaba, don haka ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan asabari, ina faɗa tana rubutawa. In na ji alƙalami ya daina tafiya a kan takarda, sai in yi shiru har ta share ido. Mun yi haka ne don a karanta ranar sadakar arba'in, kuma ƴaƴanka su samu abin dubawa in sun girma.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda labarin mutuwa ke iske ni. Ba a zo mani da dogon bayani, kara ake kawowa. In mutum ya cika, sai a zari miƙaƙƙen karan dawa a darni, a gwada tsawonsa daga kai zuwa diddige, a karye, a ba wani ya kawo. Ni kuma in shimfiɗa shi a ƙasa, in shata, in kama haƙa. Tun shekarar da Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, ina saurayi a bayan ubana, nake karɓar kara. Har na kai in an miƙo mani, kafin mai kawowa ya buɗe baki na san yaro ne ko babba, wani lokaci ma in ce na gidan wane ne.

Ranar Alhamis da hantsi ina rumfar bakin maƙabarta ina gyaran ƙotar diga, sai ga Jibo ƙanenka a bayan kabu-kabu. Ya sauka bai ko waiwayi mai babur ba. Fuskarsa irin ta masu kawo kara ce. Na dubi hannunsa na dama, ba kome. Na dubi na hagu, ba kome.

Na ce, "Jibo, ina karan?"

Ya ce, "Baba, babu kara."

Na ce, "To wa ya rasu?"

Ya durƙusa ya dafa gwiwata, ya ce, "Yaya ne, Baba. Kuma ba za a kawo shi ba."

Daga baya aka warware mani yadda abin ya faru. Ma'aikatarku ce ta tura ka ƙasar waje ƙarin sani a kan sababbin injina, abin da kuke ce wa sitaj. Ka gama, ka kamo hanyar gida. Jirgin da ya ɗauko ku ya shiga girgije, bai ga dutsen da ke gabansa ba. Ni dutsen da na taɓa gani na Damagaram ne, wanda awaki ke hawa su sauka. Wannan aka ce kansa a cikin gajimare yake, ƙanƙara ba ta narkewa a kansa. Aka ce mutanen ƙauyukan gindinsa ne suka hau da alfadarai, suka tattaro abin da suka samu. Ba a gane kowa ba. Aka haɗa ku duka a rami ɗaya a can. Daga Yamai aka bugo waya biro ɗinku, wato ofis, daga biro aka aiko wa Jibo. Abin da ya iso Tsibiri ke nan, magana tsura.

Malamanmu sun rabu a kan ko ana yi wa mutum salla ba gawarsa a gaba. Ban tsaya jin hujjar kowa ba, na bi bayan wanda ya ce ana yi. Sahu ya cika har bakin hanyar Maraɗi. Na sha tsayawa a sahun jana'iza fiye da kowa a garin nan, amma ban taɓa tsayawa ina kallon ƙasa fili a gaban liman ba sai ranar. Da aka yi sallama, ƙafata da kanta ta juya wajen maƙabarta. Sai da na yi nisa na ga ba wanda ke biye da ni.

Idirisa, ubanka Maman Lawali abokina ne tun muna kiwon awaki a bakin Gulbi. Kana ɗan ƙarami kake biyo shi rumfata, yara na tsoron wurin, kai kuwa ka zauna kana tambaya. Wannan na wa ne, Baba? Wancan fa, mai tsingaro baƙi? Kaburburanmu ba su da rubutu, ka sani. Tsingaron tukunya ne a kai da ƙafa, sai ƙaya a sama. Sunayen suna cikin kaina, layi layi, yadda ubana ya zuba mani. Ƴaƴana ba wanda ya tsaya ya ji. Kai ka tsaya. Har bayan ka yi lakwal ka zama ma'aikaci mai baƙin mai a farce, ba ka wuce rumfata a kan babur ba tare da ka tsaya ba. Wata rana tumatir, wata rana ƙullin goro. Ka ɗauki digata ka juya ta, ka ce, "Baba, wannan ai ta zama cokali," ka tafi da ita Jiratawa ka dawo da ita tana sheƙi.

Abin da ka yi a Jiratawa ban sani ba sai da ka rasu, don ba ka faɗa. Manoman fadamar ne suka zo gaisuwa da kwandunan tattasai da albasa, suka ba mu labari. Suka ce lokacin da albashi ya yi watanni bai zo ba, injin babbar rijiya ya mutu tattasai na fure, kuma kayan gyara sun gagari saye tun karyewar sefa. Ka shiga wurin masu tsofaffin ƙarafa a Maraɗi kana tono kamar kaza, ka samo ƙarfen wata matacciyar mota, ka goge shi da hannunka har ya zauna. Suka ce lokacin da jam'iyyu suka raba gari, maƙwabci ba ya cin tuwon maƙwabci, an zo maka a asirce a ce ka riƙa fara sakar wa masu tuta kaza ruwa. Ka ce ka duba injin ciki da waje, ba ka ga inda ake zura masa tuta ba. Wata tsohuwa mai suna Zuliha, wadda ɗan filinta ke can ƙarshen magudana inda ruwa ke isa a gajiye, ta tako da ƙafa tun daga Jiratawa. Ba ta san kowa a gidan ba. Ta zauna a bakin zaure ta ce, "Tun da yaron nan ya zo, ruwa bai taɓa mantawa da ni ba." Ta sha ruwa, ta koma.

Amma ni inda na san ka shi ne shekarar sanƙarau. Bazara ce, ƙasa kamar an toya ta. Karan da ake kawo mani yawancinsu ba su kai tsawon sandata ba. Wani uban ya miƙo mani, kafin in gama ya koma gida ya sake dawowa da wani. Samarin da ke taya ni suka fara gudu, suna cewa ciwon yana bin ƙura. Kai kuwa kana tashi daga aiki sai ka jingine babur a rumfa, ka tuɓe riga, ka karɓi diga. Ba wanda ya aiko ka. Ka iya haƙa kamar ɗan gado: gefe a miƙe, ƙaramin ramin ciki daidai kafaɗa, fuska gabas ba karkacewa.

A nan sai na faɗi maganar wurin gindin aduwa, don in ban faɗa ba, ba za a gane sauran ba. Da ubanka ya rasu ni na haƙa masa, a tsohon ɓangare, gindin babbar aduwar da ake hangowa daga hanya. Ƙasar wurin ja ce mai danƙo, ba ta zubewa. A gefensa wurin mutum ɗaya ya rage, ɗaya tak a duk tsohon ɓangaren. Tun ranar na ce nawa ne. Mun yi kiwo tare, mun yi noma tare, na ce mu jira tashin ƙiyama tare. Garin nan kaf an san da haka, kuma an sha zagina a kai. Akwai ranar da iyalan wani babban attajiri suka zo daga Maraɗi da motoci, suna son a sa shi kusa da kakanninsa. Na je na zauna a kan wurin na miƙe ƙafa, na ce sai dai su haƙa da ni. Aka kira mai unguwa, aka kira liman. Na ce su ma su zo su zauna, akwai inuwa. Ko a sanƙarau, da wuri ya ƙure muka fita sabon ɓangare cikin rairayi, ban bari an taɓa shi ba.

To, wata la'asar cikin kwanakin nan, mun rufe na ƙarshe, na dubi wani kabari da samari suka haƙa a karkace kamar ramin gafiya. Raina ya ɓaci. Na zari kara a darnin rumfa, na kwanta a ƙasa, na ce, "Idirisa, zo ka auna ni."

Ka ce, "Baba, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Ban yarda yaran nan su taɓa nawa ba. Kai za ka haƙa mani, gindin aduwa, kusa da ubanka."

Ka yi dariya, dariyar farko da na ji a wurin tun shigowar ciwon. Ka durƙusa kana gwadawa, ka ce, "Miƙe ƙafar mana, Baba, kana ƙudundunewa kamar mai ɓoyon goro. Kai, ashe gajere ne kai! Hular ce ke ruɗin mutane."

Na ce, "Ubanka ma bai faɗa mani haka ba, ɗan nema."

Ka karye karan ka miƙa mani. Sai ka zari wani, ka kwanta a inda na tashi, ka ce, "To ni ma auna ni. In ka riga ni in haƙa, in na riga ka ka haƙa."

Na ce, "Tashi daga nan, bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

Ba ka tashi ba. Ka ce, "Baba, a cikin waɗanda muka rufe yau, wa ya girme ni?"

Na karɓi karan. Na sa ka cire takalmi, na auna ka. Ka fi ni da taƙi guda da ɗan yatsa. Ka zaro wata shuɗiyar waya daga aljihu ka naɗa wa naka, wai kar in rikice in haƙa maka na gajeru. Muka soke su biyu a rufin rumfa. Suna nan har yau. Ka gani, Idirisa, da Jibo ya ce mani babu kara, bai sani ba ne. Karanka yana bisa kanmu a lokacin, ya riga kowa zuwa. Ni ne ba ni da wanda zan haƙa wa.

Bayan sadakar bakwai mahaifiyarka Tsahara ta aiko a kira ni. Kai ɗan farinta ne, kuma kowa ya san tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba. Yaron nan take cewa, ko wancan, ko yayan Jibo. In wani Idirisa ya shigo gidan, sai ta ce masa mai suna. Na iske ta a tsakar gida cikin mata, ba ta kuka. Ta ce, "Malam Chaibu, kai ka san inda kowa yake a garin nan. Ka san inda uwata take. Ka san inda maigidan nan yake, da ƙananan biyu da na rasa a goye. Duk Juma'a ina tsayawa a bayan shinge, ka nuna mani da sanda, in fuskanta in yi addu'a." Sannan ta ce, "To ina Idirisa? Ina ka sa mani Idirisa?"

Matan da ke wurin duk suka sunkuyar da kai. Wata ta toshe baki da mayafi. Shekara arba'in sunan yana bakinta a rufe, ranar da ta buɗe kuma ba mai amsawa. Ni da ba a taɓa tambayata kabari na rasa ba, na tashi na fita ko sallama ban yi ba.

Daga can rumfa na nufa, na zaro karanka, na tafi wurin liman. Na ce zan haƙa, in sa wannan a ciki, in rufe, tsohuwa ta samu inda za ta duba. Ya ce, "Baba Chaibu, ba a buɗe ƙasa sai don gawa. Kara ba ya amsa tambayar kabari. In ka yi, ka yi wa masu zuwa ziyara ƙarya, kuma ka buɗe ƙofar da ba ka iya rufewa. Addu'a ba ta ɓatan hanya, ko ina yake za ta iske shi."

Na ce, "Addu'a ba ta ɓatan hanya, Malam, amma tsohuwa tana yi."

Muka yi ta ja har aka kira la'asar. Limamin nan yaro ne, ni na rufe kakansa, ba zan tsaya gabansa in ce ya fi ni gaskiya ba. Amma ban haƙa ba. Ban taɓa nuna wa mutum kabari na ce wane ne a ciki alhali ba shi ba ne, ba kuwa zan fara a kanka ba.

Kwanaki na yi ina juya abin. In zauna a rumfa, karan a cinyata, ina tunanin mutanen gindin dutsen nan da ban sani ba. Ina tambayar kaina irin tambayar masu sana'a. Ƙasarsu tana haƙuwa, ko dutse suka fasa? Sun zurfafa yadda namun daji ba za su tone ba? A cikinsu akwai wanda ya san inda alƙibla take? Ban sani ba, ba kuma mai gaya mani. Abin da na sani shi ne sun hau cikin sanyi don mutanen da ba danginsu ba, sun sauko da su, sun rufe. Aikin da ka yi wa ƴaƴan mutane a shekarar sanƙarau, shi Allah ya sa wasu suka yi maka. Allah ya saka masu, ko wane addini suke bi.

Shekaranjiya na je gindin aduwa na zauna a wurina, kusa da ubanka. Na gaya masa abin da ya faru, ko da yake ya riga ni sani. A nan na yanke abin da zan yi. Na gaya wa liman, ya ce in dai ba haƙa ba ƙarya, ba shi da ta cewa. Na gaya wa Tsahara, ta rufe fuska. Saudatu ba ta sani ba, yanzu za ta ji da hannunta.

Kafin nan, ina miƙa ta'aziyyata ga Tsahara, uwar da ta yi kunya har ƙarshe. Ga Saudatu, wadda ta daure ta riƙe alƙalamin nan. Ga ƴaƴanka Inusa da Hidaya, Allah ya raya su a kan halinka. Ga Jibo, wanda gida ya faɗo wa a ka. Ga manoman Jiratawa, da abokan aikinka, da mutanen Tsibiri da Maraɗi baki ɗaya. Haka kuma ga iyalan duk waɗanda ke cikin jirgin nan, a ƙasashen da ban san sunansu ba, waɗanda su ma suke zaune ba su da inda za su duba. Allah ya jiƙan ka, Idirisa. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sa faɗuwar nan ta zama kaffara. Ya yalwata maka inda kake kwance, ya ɗumama maka shi, ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da na ƙarshen magudana. Allah ya haɗa ka da ubanka a Aljanna Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Gobe Juma'a. In Allah ya kai mu, da na sallame asuba zan ɗauki karanka in tafi gindin aduwa. Zan shimfiɗa shi a gefen ubanka, a wurin da na hana attajiri, na hana mai unguwa, na hana sanƙarau. Ba zan sa diga ba. Zan kafa tsingaro a kai, in kafa a ƙafa, daidai tsawonka, in ja ƙaya in rufe. Da hantsi Tsahara za ta zo bayan shinge, in ɗaga sanda in nuna mata. Duk wanda ya zo ziyara daga yau, in na biyo layin ina kiran sunaye, zan ce: nan Maman Lawali, nan kuma wurin ɗansa Idirisa, shi yana can kan dutse, amma wurinsa ne. Jibo zai tafi tare da ni don ya ji yadda ake faɗa, ya riƙe.

In mun gama zan zaro ɗaya karan, gajeren, in ba shi. In ce masa in ranar ta zo ya kai ni sabon ɓangare, cikin rairayi, wajen yaran da muka rufe ni da kai. Ko ya haƙa a karkace, na yafe.